Ranar da Aka Zo da Mari Wurin Matsar Rake

A wurin da muke matsar rake, a bakin fadamar Kudan, aikina shi ne zura rake a bakin inji. Wanda bai taɓa ganin injin ba, ga yadda yake: ƙarafa uku ne a tsaye, kowanne da kaurin turmi, suna jujjuyawa suna gugar juna. A samansu akwai wani dogon itace, a ƙarshen itacen an ɗaure doki. Doki ya zagaya, ƙarafa su juya, ni kuma ina tsugune a tsakiya ina tura musu kara ɗaya bayan ɗaya. Ruwan ya tsiyaya cikin garwa, a kai wa mai dafawa, ya dafa har ya yi kauri, a zuzzuba a ƙananan kwanoni ya daskare ya zama mazarƙwaila.

Injin ba shi da ido. Rake da yatsa duk abinci ne a wurinsa. In hannunka ya bi rake, ba wanda zai cece ka sai mutumin da ke riƙe da ragamar doki. Ka ce "tsaya", ya tsayar. In ya makara da taku biyu, daga ranar da hagu za ka riƙa cin tuwo.

Abin da zan faɗa ya faru ne bara waccan, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, lokacin tutar da aka kafa a makarantar elementare ko koɗewa ba ta fara yi ba. Ina da shekara goma sha biyar. Yanzu ina da sha bakwai, wato na tsufa, zan iya faɗin gaskiya.

Mu huɗu ne a wurin. Akwai Maigida, mai injin da dokin, gajeren dattijo wanda maganarsa ta yini guda ba ta cika ludayi. Akwai mai dafawa, wani Kirista daga kudancin Zazzau da muke kira Sarkin Wuta, wanda ko gari aka ce ya kama da gobara ba zai bar kaskonsa ba. Sai ni. Sai mai riƙe da doki, ɗan gwaggona, wato taubashina.

Ya girme ni da shekara goma, amma tun kafin in yi haƙori nake ce masa bawana, shi kuma yana ce mini ɗan tsako. Haka muke yini. Duk zagayen da doki ya kawo shi gabana sai na jefa masa wata, ya jefo mini.

"Bawana, kunnuwan nan naka in iska ta taso kana sauka Zariya."

"In na sauka zan aiko maka da allura ka ɗinke bakin nan."

Yana da 'ya ɗaya, 'yar shekara uku, ita ce ta fari. Kowa ya san yadda ake yi da 'yar fari: uba ba ya kiran sunanta, ba ya ɗaukarta a gaban mutane, in ta faɗi ma sai ya kalli wani wuri har wani ya ɗaga ta. In an kawo mana abinci da rana tare da ita, ni nake ɗaukarta in ɗora a bayan doki. Shi kuwa sai ya ɗaure fuska kamar an ɗora buhun gero. Amma nan take tafiyar doki takan sauya. Sai ya rage masa sauri, ya matso jikinsa, ya ɗaga hannun dama daidai kwiɓin dokin, ba ya taɓa ta, hannun dai yana nan a buɗe. Duk muna gani, ba mai cewa komai.

Bayan kaka ƙyanda ta shigo gari ta tafi da yara da dama. Ta tafi da ita. Aka yi sadakar uku, rana ta huɗu ya dawo aiki. Masu wucewa suna yi masa gaisuwa, yana cewa "Ai na Allah ne," yana gyara igiyar doki kamar maganar 'yar maƙwabta ake yi. Haka ya kamata namiji ya yi, kuma haka ya yi.

Mu ma muka yi abin da muke ganin ya kamata. Sarkin Wuta ya daina waƙoƙinsa na coci da yake yi wa kasko. Maigida ya rage maganarsa daga ludayi zuwa cokali. Ni kuma na kulle bakina, don babu mai hankalin da zai tsokani wanda ya binne 'ya. Wuri ya yi tsit, sai kukan ƙarafa da takun doki.

Sai na fara lura da wani abu. Ana cikin aiki sai doki ya rage sauri ba dalili. In na ɗaga kai sai in ga taubashina ya matsa jikin dokin, hannunsa na dama a sama a buɗe, idanunsa ba su kallon komai. Wata rana kuma da aka tashi sallar azahar, na koma ɗauko butata, na tarar ya kifa goshinsa a wuyan doki yana magana ƙasa-ƙasa, kafaɗunsa suna rawa. Na juya a hankali na yi alwala da butar Maigida.

Kwana kaɗan bayan haka wani karkataccen kara ya kama mini hannun riga. Na ce "tsaya". Doki bai tsaya ba. Na sake faɗa da ƙarfi. Na ji yadin yana ɗaurewa a damtsena, yana jan kafaɗata, ina ganin yatsuna suna matsawa inda rake ke shiga da kauri ya fito kamar takarda. A na uku ban san me na faɗa ba. Sarkin Wuta ne ya yar da ludayi ya yi tsalle ya rungume wuyan doki. Rigar ta yage daga kafaɗa, injin ya cinye hannunta har ya fito ta baya.

Taubashina ya tsaya yana kallona kamar wanda aka tasa daga barci.

Maigida ya karɓi ragama daga hannunsa, ya ce daga yau ya koma shanya tuƙa, wato busasshen ɓawon raken da muke hura wuta da shi. Shi Maigida da kansa ya koma bin doki, da gwiwoyinsa da ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Taubashina kuwa da aka raba shi da doki sai abin ya ƙaru. Ya shanya tuƙa kaɗan, ya zauna a gindin tarin ya yi shiru. Abincinsa kaji suke ci.

Ni kuma ko hannuna na kalla sai in tuna hannun rigar nan. Amma ban faɗa wa kowa ina jin tsoro ba. Abin da na yi ya fi haka muni.

Ranar kasuwar Makarfi muka kai mazarƙwaila a kan jakuna. A rumfar masu saye wani ya ga ɗinkin da aka yi wa rigata da wani yadi daban, ya tambaya. Mutum biyar ne a wurin. Na fara ba su labari, sai na ji sun yi shiru suna saurare, ni kuwa in aka yi mini haka shi ke nan. Na ce ai taubashina ya sami sabon aboki, doki, hira suke yi. Aka yi dariya. Na ce dokin ma yana amsawa, da Fulatanci. Mutane suka zama goma. Na kwaikwayi muryar dokin, na ce yana so ya tsaya zaɓe, taubashina ne zai riƙa yi masa tafinta. Wani tsoho ya yi dariya har goro ya sarƙe shi. Da na ga kasuwa ta fara watsewa zuwa rumfarmu, sai na ƙara gishiri: na ce tare suke cin harawa a komi ɗaya, na ce ranar da riga ta yage shawara suka yi su biyu su ga ko ni ma ina da ruwa mai zaƙi.

Na dawo gida ina jin kaina kamar wanda ya ci gasar kokawa. Na manta cewa kasuwar Makarfi ta kowa ce, har mutanen Furana, garin dangin taubashina.

Kwana goma labarin ya yi yana yawo. Da ya dawo ban gane shi ba. Fulatancin ya faɗi a hanya, zaɓen ma ya faɗi, duk abin dariyar ya zube. Abin da ya rage shi ne wai wani mai aikin rake a Kudan ya haukace, yana cin ciyawa, ya kama ɗan'uwansa zai tura cikin inji.

Da hantsi suka iso. Baffan taubashina ne, ƙanin mahaifinsa da ke noma a Furana, wanda shi ne babba a gidansu tun da mahaifin ya rasu. Tare da shi akwai wani dogon mutum mai furfura, da burgami na fatar akuya a kafaɗa. Da ya sauke burgamin ƙarƙashin ɗorawa sai ya yi ƙara irin ta ƙarfe a kan ƙarfe. Ban taɓa ganin mutumin ba, amma na san ƙarar. Akwai wani a unguwarmu da aka taɓa kaiwa wurin irinsu. Mari suke sa wa masu taɓin hankali a ƙafa, su ajiye su a zaure wata da watanni. Namu ya dawo, amma har yau da ƙananan taku yake tafiya kamar ƙarfen yana nan.

Maigida ya tsayar da doki. Aka shimfiɗa tabarma. Aka gaisa, aka tambayi gajiya, aka tambayi iyali, aka tambayi amfanin gona, aka tambayi mutanen Furana ɗaya-ɗaya har da waɗanda suka mutu, burgamin nan yana ajiye a tsakiya ba wanda ya kalle shi. Taubashina ya taso daga gindin tuƙa ya durƙusa ya gaida baffansa, ya koma gefe ya sunkuyar da kai.

"Mun zo mu rage maka nauyi ne," in ji Baffa, yana duban Maigida. "Ka yi haƙuri da mu. Da mun ji da wuri da ba a kai ga haka ba."

"Wane nauyi?"

"Yaron nan. Gara mu ɗaure shi da hannunmu kafin ya yi abin da hukuma za ta ɗaure shi."

Maigida ya dube shi. "Wa ya ga haukan?"

"Duk kasuwar Makarfi ta ji. Daga bakin ɗan'uwansa kuma, wanda abin ya faru a kansa."

Na yi ƙoƙarin shigewa bayan garwa. Garwa ba ta ɓoye mutum.

"Zo nan," in ji Maigida. Na zo na durƙusa. "Faɗi abin da ka faɗa a kasuwa."

"Baba, wasa ne."

"Na sani. Yi mana wasan. Yadda ka yi, har da muryar dokin."

Ban taɓa sanin labari yana da tsawo haka ba. Na yi Fulatancin doki a gaban dattawa uku, ba wanda ya motsa leɓe. Na yi zaɓen. Na yi harawar. Da na zo wurin ruwa mai zaƙi na so in tsallake, Maigida ya jira har na faɗa. Taubashina yana nan zaune, yana jin komai, yana murza wani guntun tuƙa a yatsunsa.

"To," in ji Maigida. "Yanzu faɗi abin da idonka ya gani."

Wannan ya fi wuya, don abin da na gani ba a faɗinsa. Na kalli ƙasa na faɗa. Na ce ni nake ɗora yarinyar a doki. Na ce yakan rage sauri ya ɗaga hannu. Na ce har yanzu yana ɗagawa. Na ce ranar da na gan shi da doki ba hira yake yi ba, kuka yake yi, kuma bai taɓa cin harawa ba, bai taɓa taɓa ni ba, kiran da na yi ne bai ji ba.

Taubashina ya juya mana baya gaba ɗaya.

Baffa ya girgiza kai. "'Yar shekara uku? Ta fari ma? Wane ne a nan bai binne ɗa ba? Ni na binne huɗu, ban kwana ina magana da dabba ba. In wannan ne ya mai da shi haka, ai shi ne ciwon."

Sai mai marin ya yi magana karo na farko. Muryarsa a sanyaye take, kamar ta mai sayar da turare. "Ni ba na ɗaukar mai lafiya, Malam. Zaurena a cike yake. In gan shi a bakin aikinsa tukuna."

"Madalla," in ji Baffa. Ya nuna ni da haɓa. "Tunda wannan mai bakin ya ce ƙarya ya yi, ya koma ya sa hannunsa. Shi kuma ya kama doki. In lafiyarsa lau, mu gani."

Maigida ya kalle ni. Bai ce in je ba, bai ce kada in je ba. Na tashi. Daga tabarma zuwa inji taku goma ne, amma na yi tafiyar da ta fi ta Makarfi. Na tsuguna, na naɗe hannun riga har kafaɗa, na ɗauki kara.

Taubashina ya zo ya karɓi ragama. Doki ya juyo ya shinshina masa kafaɗa. Ya tsaya haka, ya daɗe. Ina ta roƙo a zuciyata ya ja kawai, mu yi zagaye goma lafiya, mutanen nan su tafi.

Sai ya saki ragamar.

"Kada ka sa hannunka," ya ce da ni. Sannan ya juya wajen tabarma. "Baffa, ina cikin tafiya sai in rasa inda nake. Ban san lokacin da yake zuwa ba. Ranar nan ban ji shi ba sam. Kada a bar shi ya sa hannu."

"Kun dai ji da bakinsa," in ji Baffa, kuma ba da murna ya faɗa ba.

Mai marin ya jawo burgami ya kwance bakinsa. Ya fito da su ya ajiye a tabarma: zobba biyu baƙaƙe da guntun ƙarfe a tsakani, cikinsu ya yi santsi saboda ƙafafun da suka sha. Taubashina ya kalle su, sai na ga ya fara tattare ƙafar wandonsa da kansa.

Na ji ƙaurin wani abu. Sarkin Wuta ne ya bar kaskonsa a kan wuta, ya zo ya tsaya tsakanin tabarma da doki, da dogon ludayinsa a hannu. Ya dai tsaya, mazarƙwailar rabin yini tana ƙonewa a bayansa.

"Malam," in ji Maigida da mai marin, "ka daɗe a wannan aiki?"

"Na gaje shi."

"Cikin waɗanda ka sa wa wannan, nawa ne suka ce a kula da hannun wani?"

Mutumin ya shafa gemu. "Ba kasafai ba."

Maigida ya juya wajen taubashina. "Sauke wandonka. Tambayarka zan yi. Abin nan da ke ɗauke ka, yana zuwa kana cikin magana da mutum?"

Ya yi tunani. "A'a, Baba. In ana yi mini magana ina nan. Sai in wuri ya yi shiru."

Ba wanda ya kalle ni, amma na ji kamar an zuba mini ruwan kasko. Wata biyu ke nan muna lallaɓa shi da shiru, muna ganin mutunci muke yi masa.

"Ashe haka ne," in ji Maigida. "Ga kuwa baki nan yana zaman banza, har yana tafiya Makarfi neman aiki." Ya nuna ni. "Kai. Duk zagayen da ya zo gabanka, ka tsokane shi yadda ka saba. Ya amsa, ka zura rake. Bai amsa ba, ka janye hannunka ka naɗe su a ƙirji. Ba mai tsawa, ba mai kama doki. Mu huta har ya dawo." Sannan ya ce da Baffa, "Ku zauna ku sha inuwa zuwa la'asar. In kun ga abin da ya fi ƙarfinmu, ni da kaina zan riƙe masa ƙafa a sa."

Baffa ya kalli mai marin, mai marin ya ɗaga kafaɗa. Marin dai bai koma burgami ba.

Doki ya motsa. Ƙarafa suka fara kuka. Ga taubashina yana zagayowa, ni kuwa, ni da ake cewa ko a barci ina surutu, na nemi magana ɗaya a kaina na rasa. Ya iso gabana.

"Bawana," na ce. Iyakar abin da ya fito ke nan.

"Uhm."

Na kalli Maigida. Ya gyaɗa kai: "uhm" ma amsa ce. Na zura kara, na cire hannu da sauri kamar na taɓa garwashi.

Zagaye na biyu na ce masa ƙafafunsa kamar na zalɓe. Uhm. Na uku na ce dokin ya fi shi kyan haƙora. Uhm. Na ci gaba. Na zagi hularsa, na zagi tafiyarsa, na ce ranar da aka haife shi ungozoma ta nemi a ba ta haƙuri. Duk abin da na tara wata biyu na riƙa fitowa da shi, ina magana ina kallon bakinsa, don hannuna yana jiran wannan "uhm" ɗin kamar yadda ake jiran ganin wata. Garwa ta cika, aka sauya. Sarkin Wuta ya kankare ƙonannen kasko yana gunaguni da yarensu. Aka yi azahar aka dawo. Na fara cewa a raina mun tsira.

Rana ta ɗan karkata, na ce masa, "Bawana, an ce za a yi maka sarautar sarkin kunnuwa."

Bai amsa ba.

Na riga na ɗaga kara. Na sake shi ya faɗi, na naɗe hannuwana a ƙirji. Doki ya rage sauri. Taubashina ya matsa jikinsa, hannunsa na dama ya tashi a hankali ya tsaya daidai kwiɓi, a buɗe.

Baffa ya miƙe tsaye. Na ji marin ya yi ƙara, mai shi ya ɗora hannu a kai.

"A sha ruwa," in ji Maigida, kamar kullum a wannan lokacin ake sha. Ya zauna ya miƙe gwiwoyinsa, ya ɗauki kara ya fere, ya miƙa wa mai marin gaɓa ɗaya. Sarkin Wuta ya rage wuta. Ba wanda ya je wajen doki.

Injin yana ta juyawa ba komai a bakinsa. Doki ya zagaya sau ɗaya a hankali, da mutum a gefensa yana tare abin da babu. Ya wuce ta gaban tabarma, kusa da Baffa har zai iya taɓa shi. Na ga Baffa ya kalli hannun, ya kalli bayan dokin, daidai inda ƙaramin mutum zai zauna. Doki ya sake zagayowa. A karo na biyun Baffa bai kalla ba. Ya koma ya zauna, ya ciro carbi, ya riƙe shi kawai bai ja ba.

A zagaye na uku taubashina ya tsayar da doki da kansa. Ya dubi hannuwana a naɗe, ya dubi karan da ke ƙasa. Ya zo ya tsuguna kusa da ni, ya yi magana yadda ni kaɗai zan ji.

"Na tafi?"

"Ka tafi. Zagaye uku."

"Ka cire hannu?"

"Tun kafin ka gama tafiya."

Ya sauke numfashi. Can ya ce, "In an zo wajen inuwar ɗorawar nan takan ce a tsaya ta kama ganye."

Tun da aka haife ta ban taɓa jin ya yi maganarta ba. Amsoshi guda bakwai suka zo mini, duk na ban dariya. Na ce, "Na sani. Ni take ba ganyen."

Muka zauna har ya gama goge fuskarsa da hula. Sannan ya tashi ya kama ragama.

Kafin la'asar ya sake tafiya sau ɗaya, gajere, muka sake shan ruwa. Da aka ci gaba, ni kuma na gaji, zagina ya fara ƙarewa, sai na koma kan kunnuwa.

"Bawana, in iska ta taso…"

"Ka faɗi wannan tun bara, ɗan tsako," ya ce, bai ko juyo ba. "Wanda ya yi Fulatancin doki a gaban dattawa, in ni ne shi sai in yi ƙaura."

Sarkin Wuta ya fashe da dariya har ya dafa murhu. Na zura kara biyu a haɗe.

Da aka yi sallar la'asar mai marin ya ɗauki zobbansa ya mayar cikin burgami ya ɗaure. Ya ce da Baffa, "Wannan ba nawa ba ne. In na kai shi zaure, shiru zai samu, ka kuwa ji abin da shiru ke yi masa." Maigida ya sa aka naɗe masa mazarƙwaila a ganye. Sarkin Wuta ne ya zaɓo, kuma na ga daga wane kasko ya zaɓo, ƙonannen nan.

Baffa ya daɗe tsaye kusa da doki kafin su tafi. Bai kalli taubashina ba, ya ce, "Ta biyu a cikin waɗanda na binne, har yau ba na bin hanyar rijiyar da take zuwa." Sai ya juya wajen Maigida ya ce amana ce, ya saɓa sandarsa.

Har yanzu haka muke aiki. Akwai ranar da muke shan ruwa sau uku, akwai makon da ba mu sha ko sau ɗaya. Sarkin Wuta ya koma waƙoƙinsa, mu duka mun haddace su ba da son ranmu ba.

Kasuwar da ta biyo baya Maigida ya tura ni Makarfi in gyara abin da na ɓata. Na tsaya a rumfar nan na faɗi gaskiya tun daga farko. Mutum huɗu ne suka saurara, biyu suka tafi kafin in gama. Tsohon nan mai goro ya tare ni a hanyar fita.

"Yaro, ina dokinku mai Fulatanci? Ya ci zaɓen?"

Wata amsa ta zo mini har kan harshe, mai daɗin da za ta tara rabin kasuwa. Na haɗiye ta, ta wuce da kyar kamar ƙashin kifi.

"Doki ne kawai, Baba," na ce. "Mai riƙe da shi kuma yana gaishe ka."